Gadon Tankin da Ya Karkace

Shekara talatin da ɗaya muna aikin kafinta ni da ƙanena Dogo, kuma ban taɓa buga katakon gicciye ba sai ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Buga, Yaya." Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Tun daga lokacin 'yata ta fari ta hana ni sakat a waya: in rufe shago, in koma gidanta, har ta gyara mini ɗaki. Da na gaji da mita sai muka yi yarjejeniya. Zan karɓi aiki ɗaya ni kaɗai. In ya yi kyau ta sakar mini mara, in bai yi ba in tattara nawa-i-nawa.

Aikin gadon tankin ruwa ne a bayan gidan wata ma'aikaciyar asibiti. Da safe ta miƙa mini makulli ta tafi aiki, ta bar ni da katako da wani famfo mai ɗiga.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ƙafa huɗu masu kauri sun isa. Ina! Ko ka ɗaure su sama da ƙasa, da ka tura za su yi layi kamar tsohon tebur. Sai ka gitta katako daga ƙasan wannan ƙafa zuwa saman waccan, ya zama kusurwa uku, sannan abu ya tsaya da ƙarfinsa. Amma katakon gicciye bai san miƙe da karkace ba. Yadda ya tarar da gini haka zai riƙe shi. Shi ya sa ake son mutum biyu, mai bugu a sama da mai kallo daga nesa.

Na rataya igiya da dutse don awo, iska ta yi ta wasa da ita. Na hau tsani, na tokare ƙafa ɗaya da kafaɗa, ƙusoshi a baki. Ban san lokacin da na ce, "Ya yi?" ba. Famfo ne kawai ke ɗiga. Kewa ta kama ni har sai da na jingina goshi da katako na ɗan jima. Sannan na buga, duk ɓangarori huɗun.

Da na sauko na jijjiga shi da hannu biyu, ko gezau. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai na taka zuwa bakin ƙofa na juyo. Ya karkata wajen da ake shanya, da kamar yatsu huɗu.

Da la'asar matar gidan ta dawo, ta zagaya shi sau biyu.

"Kai, Baba, sannu da aiki! Wannan ai ko giwa ce ta hau."

"Ba ki ga komai ba?"

"Me zan gani? Ya yi kyau."

Da na yi shiru shi ke nan, 'yata ba za ta taɓa ji ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai gane da kallo ɗaya, shi kuma ba ya nan. Amma cikakken tanki nauyi gare shi, kuma a ƙarƙashin wurin na ga ƙananan riguna a kan igiya.

"Kada a ɗora tanki," na ce wa matar gidan. "Gobe zan kwance shi, in turo miki kafintoci biyu."

A bakin titi na kira 'yata ta fari.

"Baba, ya aikin?"

"Ki turo mota ran Asabar. Babbar mota, don da bencin aikina zan taho."

Ta ce, "Baba, ɗakin fa ba zai ɗauki benci ba."

"To," na ce, "ƙaramar ma ta isa."