Jar Ƙasar Futa

Labo bai gama soka ƙarfen a gefen kabarin ba sai Liman Ɗahiru ya riƙe masa hannu.

"Mi kake yi, Labo?"

"Alama ce, Malam. Yana da ɗiya, za ta zo. Na yi mishi alkawari."

Liman ya dubi ƙarfen, mai ɗan farin faranti a kansa, ya girgiza kai. "A garin nan ba mu rubutu bisa kushewa. Ubanka yana nan kwance, nawa ma yana nan, wa ya ga sunansu? Sa mishi tsingaro kamar kowa."

Jama'a na tsaye cikin rana, har da manyan jami'a da suka zo daga Maraɗi da motocinsu, suna ta share zufa. Labo ya ji kunya ta rufe shi. Ya zare ƙarfen, ya ɗauki fasasshen tulu ya kifa. Amma kafin ya fita sai ya faki ido ya ƙirga: taku sha ɗaya daga gindin aduwa, fuskar gabas. Ya maimaita a ransa har gida.

Wanda aka rufe ɗin shi ne Malam Tijjani Jallo, mutumin ƙasar Gine, malamin ilimin ƙasar noma a jami'a. Shekara takwas yana zaune a Sae Sabuwa, katanga ɗaya tsakaninsa da Labo. Ya ƙi zaman Maraɗi, wai gonar gwajinsa tana nan, kuma shi ba ya iya barin gero ya tsiro ba da saninsa ba. Kullum da safe sai ya ɗaure jakarsa a bayan moto ya tafi, la'asar ya dawo fari fat da ƙura, da takardun ɗalibai himili. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ya ɗora shayi, ya yi ta jan jar biro yana tsaki.

Kai, mutumin nan ya sha kaɗaici! Matarsa ta rasu tun kafin ya zo, 'yarsa guda, Fatumata, tana aikin jinya can ƙasarsu. Ɗalibai na gaishe shi a lakol, abokan aiki na ba shi hannu a buro, amma ko ranar Salla ba wanda ke tako ƙafa ya zo. Sai Labo, da kwanon furar Mariyama matarsa, sai Hamma makiyayi mai kawo nono. Hamma da Malam kan yi Fillanci, kowa na jin rabin maganar ɗan'uwansa, su cike sauran da dariya. In hira ta yi daɗi sai Malam ya kama labarin Futa, yankinsu can Gine: duwatsu, ruwa na zubowa daga sama, jar ƙasa mai kama ƙafa. Labo ya ce, "To mi ya kawo ka cikin rairayinmu?" Shi kuma ya ce aiki ne.

Gonar gwajin nan tasa abin kallo ce. Kowace kunya da ƙarfenta, kowane ƙarfe da lambarsa. Mutane na yi masa dariya, wai ya raɗa wa gero suna. Wata rana suna kafa ƙarafan shi da Labo, ya tsaya ya dafe ƙirji, ya daɗe yana haki. Da ya farfaɗo ya miƙa wa Labo ƙarfe guda.

"Maƙwabci, ajiye wannan. In na mutu nan, kar ka bari in ɓace. Fatumata ba ta da kowa. Ta samu inda za ta tsaya."

"Haba Malam, bar wanga zance! Kai za ka rufe ni."

"Ka yi alkawari."

Ya yi. Ba a yi wata biyu ba, da hantsi, cikin zafin bazara, Malam ya faɗi tsakanin ƙarafansa. Aka ɗora shi a amalanken jaki za a kai shi likita, kansa bisa cinyar Labo. Ba su kai bakin kasuwa ba ya cika. Da zafin nan ba a jira. Aka kira Fatumata a salula, Hamma ya yi tafinta, tana kuka ta ce a rufe shi, abu ɗaya take roƙo, in ta zo a nuna mata wurin.

Ba ta zo ba. Takardu suka riƙe ta, kafin su fito aka rufe iyakoki. Damina kuwa ta sauka da ƙarfinta. Ruwan da aka yi ta roƙo ya zo da iska, ya tuge aduwar nan tun daga saiwa, ya bi ta maƙabarta ya baje tudun kaburbura, ya kwashe tsingaraye ya tara a kwari. Sai zazzaɓin damina ya shigo gari. Kusan kullum da gawa, yara da tsofaffi, masu gina suka sassare aduwar suka yi itacen rufe kabari da ita, har kututturen bai tsira ba. Labo kansa ya yi kwana ashirin kwance bai san inda yake ba.

Ranar da ya iya miƙewa, bai nufi gona ba, maƙabarta ya nufa yana dogara sanda. Ya tsaya, ya duba gabas, ya duba yamma. Innalillahi! Ba aduwa, ba ramin aduwa, ciyawa ta rufe ko'ina. Taku sha ɗaya daga ina? Ya ƙirga daga nan, ya ƙirga daga can, kowane ƙirge ya kai shi wani wuri dabam. Ya tambayi masu gina, ɗaya ya ce nan, ɗaya ya ce a'a, can. Liman ya ce, "Allah ya san inda bawansa yake." Gaskiya ne, amma ba Allah ne zai zo ya tambayi Labo ba. Iyakar abin da ya gane, Malam yana cikin kaburbura huɗu da ke jere. Wanne ne, oho.

Ya dawo gida ya zauna gindin rumbu, inda ya cusa ƙarfen. Mariyama ta ce, "Ka faɗa mata gaskiya in ta zo." Ya ce, "In ce mata mi? In ce na ɓatar da ubanta?" Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Da kaka, ana yankan gero, Fatumata ta iso. Doguwa ce, fuskar uban sak, ta rame da tafiyar kwana da kwanaki. Ta durƙusa ta gaida Labo, ta ce da shi Baba. Hamma ya fassara: mahaifinta ba ya waya bai ambaci Labo ba, ya ce mata tana da uba na biyu a Nijar. Labo ya ji kamar an soka masa wuƙa.

Liman ya yarda ta shiga maƙabarta. Suka tafi su uku, Labo a gaba. Ya tsaya gaban huɗun nan. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ga ta kwance bakin gyalenta, ta fito da ƙullin leda, ta rungume shi da hannu biyu.

"Ta ce ƙasa ce ta ɗebo daga kabarin uwarta," in ji Hamma. "Ta ce wanne ne?"

Hannun Labo ya tashi da kansa, ya nuna na biyu.

Ta yi wata magana a hankali. Hamma ya dubi Labo, ya daɗe yana dubansa, don shi ma ya san abin da damina ta yi.

"Ta ce ka tabbata?"

"Na tabbata."

Hamma ya sunkuyar da kai ya fassara. Ta durƙusa ta zazzage ƙasar, ja wur bisa farin rairayi, ta shafa ta da tafin hannu kamar mai gyara wa mara lafiya mayafi. Ta yi ta magana da ubanta cikin yarensu. Labo bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma bai iya ɗaga ido ba.

Washegari ta hau moto zuwa tashar Maraɗi, tana ta godiya tana sa masa albarka. Ta ce yanzu hankalinta ya kwanta.

Da la'asar Labo ya koma shi kaɗai. Iska ta fara watsa jar ƙasar. Ya tsuguna ya tattara abin da ya saura cikin hularsa, ya raba shi huɗu da yatsa. Ya zuba wa na farko, ya mayar wa na biyu nasa, ya zuba wa na uku da na huɗu. Sannan ya kakkaɓe hular, ya zauna a tsakiyarsu har aka kira magariba.