Jikin Inna da Sauƙi

Ikrima ya kira ranar Laraba bayan la'asar, daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Sai da mahaifinsa, Malam Ɗanbala, ya fita barandar asibiti a Birnin Kudu sannan ya ɗauka.

"Baba, yau an sa mini wani tabarau mai toshe gani. Ba sama, ba ƙasa, sai agogunan da ke gabana. Haka ake tuƙi idan hadari ya rufe."

"Makaho da jirgi ke nan. Allah ya kiyaye na ƙasa."

Ikrima ya yi dariya. "Malaminmu ya ce a cikin gajimare jikin mutum ƙarya yake yi masa. Sai ka ji kana tafiya daidai, alhali jirgi ya karkace yana gangarawa. Agogo kaɗai ake bi. Litinin ce jarrabawar, wanda ya faɗi sai gida. Yaya jikin Inna? Tun jiya gabana ke faɗuwa."

Ta taga Malam yana hango matarsa Ummussalma, ana ƙara mata ruwa. Da safe ta riƙe masa bakin riga ta ce, "Malam, kada ka taso mini yaro. Bari ya gama."

"Da sauƙi," ya ce.

"Tsakani da Allah, Baba? Ko in taho?"

"Ba yanzu ka ce an hana ku bin jiki ba? Na ce da sauƙi. Barci take yi."

Barcin kam gaskiya ne.

Ta rasu ranar Asabar, ana ruwa. Aka kai ta garinsu Gwaram aka binne. Malam ya hana dangi kiran yaron, maƙwabta suka ce ya yi dattaku. Yabo ba ya yi wa mutane wuya idan ba uwarsu ba ce.

Ikrima ya iso Talata da turmin atamfa a leda, tsarabar Inna. Yana sauka daga acaɓa ya ga tabarmi a ƙofar gida, da takalma jere. Ya tsaya cak.

Malam ya taso. "Ka ci jarrabawar?"

"Na ci." Ya jima yana kallon tabarmin. "Jikina gaskiya ya gaya mini, Baba. Amma ku na bi."

Malam ya buɗe baki zai ce umarninta ne, sai ya fasa. Gara yaron ya yi fushi da mai rai.

Ikrima ya ajiye ledar a dakali, ya juya ga masu zaman makoki.

"Cikinku wa zai nuna mini kabarin?"