Shanun Laka na Adda Fadimatu

"Saura ɗaya," in ji A'i, yayar mijina. "Sau uku ake yi, ai kin fi mu sani."

Adda Fadimatu ta dafa bango tana haki. 'Yata Zuliha na kwance a tabarma a tsakar gida, jikinta zafi rau, matan unguwa sun cika bakin ƙofa. Tsohuwar ta tattare zani, ta ɗaga ƙafa a karo na uku ta tsallake yarinyar, sai gwiwa ta ƙi ɗaukarta, ta zube a gefen turmi. Ba wadda ta miƙa mata hannu. Ni ma ban miƙa ba, don ni na sa aka jawo ta daga ɗakinta.

Adda baƙuwa ce a unguwarmu a Gumel. Daga wajen Sule Tankarkar suka taso ita da mijinta Sajo, bayan babban farin nan da ya cinye musu shanu kaf. Bai shekara ba ya rasu, ya bar ta a ɗakin da ke jikin katangarmu, ba ɗa ba jika. Tun farko hankalina bai kwanta da ita ba. Ta cika kallon yara, kuma kullum hannunta dumu-dumu da laka.

Zuliha kuwa ta shekara huɗu ba ta taɓa cewa ko "Inna" ba. Tana ji sarai, magana ce babu. Ta sha rubutu har na daina lissafi. Da na juya baya sai ta sulale ta wata ɓarakar katanga, sai wajen Adda. Ranar da na leƙa, na tarar da su a ƙasa da shanun laka guda biyar, daga babba zuwa ƙarama, wata an shafe ta da toka, wata da baƙin tukunya, 'yar autar da jar ƙasa. Adda ta haƙa ramuka biyar, kowace saniya da wanda ya yi daidai da ita. Sai ta hargitsa su, ta danƙa wa yarinyar ɗaya, ta yi shiru tana jira. Wani lokacin ta kife guda da ƙwarya ta ware hannu, wai ina ta shiga. Da na tambaya ta ce wasa ne, da haka 'ya'yan ruga ke sanin garke. Na ce a raina, wace babbar mace ce za ta bar surfe ta zauna wasan ƙasa da 'yar wani, in ba da wata manufa ba?

Sai zazzaɓi ya kama Zuliha, mijina Ishaku kuma yana Gagarawa wajen aikinsa na malamin gona. A kwana na uku da hantsi ta buɗe ido, ta ce, "Adda." Raɗau, kamar ta saba.

A'i ta dafe ƙirji. "Kin ji ko, Rahamatu? Wanda aka kama wa kurwa, sunan mayyar yake kira."

Shekara huɗu ina jiran in ji muryar 'yata, da na ji kuma tsoro ne ya rufe ni. Na ji haushi ma, ba zan ɓoye ba, da ba ni ta kira ba. Shi ya sa aka jawo Adda ta tsallake ta don ta saki kurwar, alhali ita ma tari ya kwantar da ita tun sati guda. Ba ta yi musu ba, ba ta rantse ba. Wannan ma A'i ta ce shaida ce.

Da Ishaku ya dawo da yamma ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya saɓi yarinyar sai asibiti. Kwana biyu ta miƙe. Shi ya ce allura ce, A'i ta ce tsallake ne, ni na bi bayan A'i. Na toshe ɓarakar da ƙaya. Jar saniyar nan da na ɓamɓare daga hannun Zuliha na sa taɓarya na fasa ta, ko akwai abin da aka tura ciki. Laka ce kawai da ɗan tsinken da ya riƙe wuyan. Zuliha ta koma shirunta, ta yini tana kallon ƙayar.

Adda ba ta ƙara tashi ba. Ta katanga muke jin tarinta. A rana ta bakwai bayan la'asar na ji tana kiran sunana. Na je na tsaya daga bakin ƙofa ina karanta duk addu'ar da na sani. Ɗakin ba komai sai tabarma da buta da wata ƙwarya rufe da faifai.

"Ba don maganar rannan na kira ki ba," ta ce. "Ga shanunta nan. Ta kai biyar. Da zan murza mata ta shida."

"Ta kai biyar a me?"

"Ƙidaya. Kada ki matsa mata. Sa mata a hannu, ki yi shiru."

Na dube ta, na ce a raina ko a wannan halin ma dabara take yi ta shigo mini da kayanta gida. Yarinyar da ba ta magana ce za ta yi ƙidaya? Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na juya na bar ƙwaryar.

Washegari kafin azahar ta cika. Wasu matan Fulani biyu masu tallan nono ne suka yi mata wanka, matan unguwa kowa ta sami uzuri. Da za su rufe ɗakin suka miƙa wa Ishaku ƙwaryar, suka ce ta bar wasiyya ta yarinya ce. Na ɗora ta a kan rumbu da niyyar in ya koma Gagarawa in zuba a masai.

Ranar da ya tafi na dawo daga miƙa niƙa na tarar faifan a ƙasa. Zuliha ta taka turmi ta sauko da ƙwaryar. Tana zaune a gindin katanga, ta haƙa ramuka biyar da ɗan yatsa, tana saka shanun daga babba zuwa ƙarama, tana ƙirgawa da Fillanci, murya ƙasa-ƙasa.

"Go'o. Ɗiɗi. Tati. Nayi."

Ɗaya zuwa huɗu ke nan. Na zauna a inda nake da ƙwaryar gari a cinya. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma babu wanda zan kai wa ita.

Zuliha ta ɗaga faifan ta duba ƙarƙashinsa, ta kife ƙwaryar ta buɗe. Sannan ta sa yatsa a rami na biyar, na jar saniyar da na fasa, ta juya tana kallon ƙayar da ke bakin ɓarakar.