Mai Faci da Tafkin da ke Yoyo

Mai Faci mutum ne da ba ya barin huda ta kwana. Taya, bokiti, tukunya, babu abin da bai liƙe ba. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, aka ba shi gadin sabon tafkin da aka haƙa a bayan unguwa, shi kuwa ya riƙe aikin hannu bibbiyu, don da shi gidansa ke ci.

Rijiyoyin unguwar duk sun ƙafe, har da ta tsakar gidansa. Shi ya sa aka ja magudana daga kogi zuwa tafkin, aka bar gindinsa yashi zalla, don ruwa ya riƙa nutsewa ƙasa yana ciyar da rijiyoyi. Injiniyar aikin ta yi wannan bayani dalla-dalla ranar buɗewa. Mai Faci yana wurin, amma hankalinsa na kan tayar motarta ta baya, wadda ya ga iskarta ta yi ƙasa.

Aka saki ruwa, tafki ya cika maƙil. Ba a jima ba ya koma rabi. Nan fa ido ya raina fata.

"Uwar yara, na shiga uku," ya ce wa matarsa. "An ba ni amanar ruwa, ruwa na guduwa. Cewa za a yi sayarwa nake, a kore ni."

"To ka faɗa wa masu shi mana, maigida."

"In ce me? Mai faci na gadi, abu na yoyo? Gara ƙasa ta tsage in shige."

Sai ya rufe ƙofar magudana, ya jira tafki ya tsotse. Ya ari baron surukinsa, ya yi ta jidar yumɓu, ya shafe gindin tafkin kaf, ya daɓe, ya bi da tafin hannu. Tsakani da Allah, aikin ya yi kyau. Da ya sake buɗe ƙofa, ruwa ya zauna daram, har agwagin maƙwabta suka tare a ciki. Matarsa kuwa kullum ta jefa guga sai ta ji ƙwal.

Da koke kan ƙafewar rijiyoyi ya yi yawa, injiniya ta zo, mutanen unguwa na biye da ita.

"Baba, ruwan nan ba ya raguwa?"

"Ko ɗigo, ranki ya daɗe!" Mai Faci ya bugi ƙirji. "Na same shi yana zuba kamar kwando, na yi maganinsa. Ban so in ɗaga muku hankali ba."

Injiniya ta zauna a kan dutse, ta dafe kai, ta yi dariya har da hawaye.

"Haba Baba! Ai yoyon muka haƙa. Ruwan da ke guduwa, rijiyoyinku yake zuwa."

"Au!" in ji matarsa daga cikin taro. "Wato kai ne ka liƙe mini rijiya?"

Mai Faci ya dubi injiniya. "Korata za a yi, ranki ya daɗe?"

"Ba mai korarka. Amma abin da ka liƙe, kai za ka ɓare."

Ya naɗe wando, ya shiga ruwa da diga. Yumɓun ya yi gardama sosai, abin da ya ɗan faranta masa rai a ɓoye. Can ya fashe, ruwa ya fara juyawa yana zurarewa ƙasa, unguwa ta kaure da tafi da sowa. Mai Faci ya kau da kai, ransa ya sosu ƙwarai. Duk facin da ya yi a duniya ba wanda ya taɓa tafa masa, sai yau da ya huda abu.