Rawanin Baba Hambali

Duk wanda ya ce Bahaushe ba ya wasan kurket bai taɓa zuwa bayan kasuwar kayan lambu ta Abu Hamour da safiyar Juma'a ba. A nan ƙungiyarmu take wasa, a wani fili mai tsakuwa, da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif. Direbobi ne mu da masu gadi, kuma babu wanda ya san wasan kafin ya sauka a Doha. Baba Hambali ne ya koya mana.

Shi ma a nan ya koya, wurin wasu 'yan Pakistan da suka zauna ɗaki ɗaya tun garin bai cika da dogayen gine-gine ba. A zamaninsa, in ya riƙe katakon bugu, masu jifa addu'a suke yi. Ya taɓa aika ƙwallo cikin motar kankana, har yau ana ba da labarin, galibi da bakinsa.

Gwiwa ce ta ci amanarsa. A kurket, in ka bugi ƙwallo sai kai da abokinka ku ruga tsakanin sandunan da aka kafa a ɓangare biyu, kowace tafiya maki ɗaya. In abokan hamayya suka riga ku kai ƙwallon wurin sandunan, an fitar da ɗayanku. Bugun Baba yana nan daram, amma gudun sai dai a ce Allah ya ba da lada. Abin haushin ma, shi ke kiran gudun, sai ya fasa a tsakiya, a fitar da abokin nasa. Ni kaina ya ci ni ba sau ɗaya ba.

Ga mu kuma mun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasa, za mu kara da 'yan Kerala ta Indiya, yara masu ƙafa kamar barewa. Kowa ya san dole Baba ya zauna, kuma kowa ya san aikin kyaftin ne ya gaya masa. Kyaftin ɗinmu shi ne Ghali, mai gadi a wani otal, wanda Baba Hambali ne ya samo masa kafil, wato mai tsaya masa ya zauna a ƙasar, ya ba shi katifa lokacin da ya zo ba ya da kowa. Ghali ya je wurinsa da niyyar magana, ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar mutanen gida, ya taso.

Alidu ne ya kawo dabara. Ɗan zangon Kumasi ne, direban tasi, kuma wayonsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Kyaftin, ba cire shi za ka yi ba. Ɗaga shi za ka yi. A naɗa masa sarauta, khalas, shi ke nan. Ka taɓa ganin mai rawani yana gudu a gaban jama'a?"

Ghali ya rungume shi. Aka sayo farin yadi, aka yi odar shinkafa da rago, aka taru a falon Alidu a unguwar Bin Mahmud bayan la'asar. Aka zaunar da Baba a kujera, aka naɗa masa rawani har da amawali, aka ce daga yau shi ne Sarkin Kurket na Doha. Ghali ya yi dogon jawabi a kan yadda sarki ke zama a inuwa yana sa albarka, talakawa na shan rana. Baba yana ji, idanu kawai muke gani. Da aka gama ya ce, "Na gode. Allah ya bar zumunci." Muka ci rago da murna, muna ganin mun gama da shi.

Ranar wasa muka shimfiɗa darduma, muka ɗora kujera, muka kafa laima. Sarki ya iso cikin babbar riga da rawani, muka zube muka yi gaisuwa. Ya zauna, ya jingine katakonsa a gefen kujera. Muka ce ai sandar girma ce.

Mu muka fara bugu, kuma abin bai yi kyau ba. Kafin rana ta yi zafi an fitar da Ghali, an fitar da wanda ya biyo shi. Sai Sarki ya miƙe, ya tattare hannun riga, ya ɗauki katako.

Ghali ya tare shi. "Ranka ya daɗe, ina zuwa?"

"Fili."

"Ai sarki ba ya gudu."

"Gaskiyarka, ɗana. Wa ya ce maka gudu zan yi?"

Ya yafito kyaftin ɗin 'yan Kerala, suka yi magana da Larabcin kasuwa. Akwai wata tsohuwar al'ada a kurket da muka manta: mai bugu in ƙafarsa ba lafiya, ana iya ba shi wanda zai riƙa gudu a madadinsa, in dai ɗaya kyaftin ɗin ya yarda. Mutumin ya dubi rawanin, ya dafa ƙirji, ya yarda.

Ghali ya ce a kira wani cikin samari. Baba ya girgiza kai.

"Sarki za ka haɗa da ƙananan yara? Kai za ka yi. Ai an riga an fitar da kai, ba ka da aiki."

To, ya za ka yi musu da sarkin da ka naɗa da hannunka, a gaban baƙi? Ghali ya ɗaure takalmi.

Ban taɓa ganin mugunta mai tsabta irin wannan ba. Ƙwallon da ta wuce iyakar fili maki huɗu ce ba tare da gudu ba, kuma Baba ya iya wannan har yana barci. Amma ranar ko sau ɗaya bai yi ba. Sai ya taɓa ƙwallon a hankali, ya tura ta inda babu kowa, ya ɗaga murya, "Yalla, Kyaftin, biyu!" Ghali ya tafi ya dawo. Ghali fa daga duti ya taho, ga tumbi, ga ragon Bin Mahmud bai gama sauka ba. Baba kuwa yana tsaye ya dogara da katako yana gyara amawali.

"Uku, Kyaftin! Akwai uku a nan!"

'Yan Kerala suka gane, suka shiga dariya har jifa ya gagare su. Mu ma a ƙarƙashin laima mun gane. Alidu ya ce zai je ya duba motarsa, bai dawo ba.

Can Ghali ya kai sanduna ya zube bisa gwiwoyinsa, yana haki, riga ta jiƙe sharkaf. Baba ya taka a hankali ya tsaya a kansa.

"Yaya gwiwa?"

"Baba, tuba nake."

"Ka iya sayo yadi. Ka iya yanka rago. Amma ka zo ka dube ni ka ce, Baba ka tsufa, ka huta, wannan ya gagare ka?" Ya saukar da amawalin. "Ka ɗauka ban sani ba? Gwiwar a jikina take. Tun bara nake jiran ɗayanku ya ɗauke ni mutumin da za a iya gaya wa gaskiya. Sai kuka naɗe ni kamar ƙwallon nan."

Babu wanda ya ƙara yin dariya. Ni dai kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Baba ya juya wurin alƙalin wasa ya ce, "Khalas. Na ajiye. Ku shaida babu wanda ya fitar da ni." Ya sa katakon a hannun Ghali. 'Yan Kerala suka yi layi suna tafi, yana wucewa a tsakiyarsu yana ɗingishi, Ghali na durƙushe yana kuka kamar yaro.

Ya isa kujerarsa ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwon a kan darduma, ya ja amawali ya rufe baki.

Ya ce, "A kawo wa Sarki shayi. Wani kuma ya ɗaga Kyaftin daga nan, yana tare wa mutane hanya."