Lawan da Fim ɗin Mai Kwale-kwale

A Gyaɗi-Gyaɗi ta shekarar 1976, in an kawo sabon fim gari, ba a cewa ya yi kyau ko bai yi ba sai an ji ta bakin Lawan direba. Tasi yake ja, wata Datsun ta wani Alhaji a Tarauni. Kullum da safe kafin ya fita aiki sai ya tsaya a teburin Shehu mai shayi, nan bakin titin Zariya, ya sha shayi da burodi, mutane su kewaye shi.

Allah ya ba shi baki. Zai ajiye kofi ya miƙe tsaye, ya nuna yadda ɗan Chanis ya yi sama ya sauke ƙafa a ƙirjin bos, wato mugun fim ɗin. In na Indiya ne har kukan uwar jarumi yana kwaikwayo. Sannan ya yanke hukunci. “Na kaboyin nan kada wanda ya wahal da kansa, harbi ne kawai, ba labari.” Kuma sai a ƙi zuwa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne Lawan bai taɓa sa ƙafarsa a cikin gidan silima ba. Ranar da zai baro ƙauyensu a ƙasar Rano, Innarsa ta riƙe masa hannu ta ce abu biyu take roƙonsa: kada ya sha giya, kada ya shiga silima, don ta ji an ce can ne 'yan iskan birni suke taruwa. Ya yi mata alkawari, shekara takwas yana riƙe da shi. Sai dai sana'arsa tana kai shi ƙofar silimun Fagge da na Sabon Gari ɗaukar fasinja, kuma wanda ya fito daga kallo bakinsa ba ya shiru. Daga can zuwa Gyaɗi-Gyaɗi tafiya ce mai ɗan nisa. Kafin ya sauke su ya ji labarin, ya ji musunsu, ya ji inda ya yi musu daɗi da inda bai yi ba. Wata safiya ya maimaita abin da ya ji a tebur, wani ya ce, “Ashe kai ma ka je?” Ya ce, “E.” Tun daga wannan e ɗin bai sake samun hanyar komawa baya ba.

Wata Laraba ya zo da labarin sabon fim ɗin Indiya, na wani mai kwale-kwale da ke ƙetarar da mutane kogi, yana son 'yar mai gonar rake. Wasu akawu biyu ya ɗauko jiya, daga bakinsu ya ji, amma sun sauka a Kotu Rod kafin su kai ƙarshen labarin. Wannan bai dame shi ba. Duk finafinan da ya taɓa ji, ƙarshensu ɗaya ne.

“Fim ɗin ba laifi,” in ji shi, “sai dai ya yi tsawo. Waƙa ta uku ma da sun cire ta, ba ta da amfani. A ƙarshe dai ya jefa bos a ruwa, aka ɗaura aure, aka yi rawa.”

“Ba a ɗaura ba.”

Kowa ya waiwaya. Isyaku ne, wani leburan gini da ke aiki a Tarauni, mutumin ƙasar Ringim. Magidanci ne, zai girmi Lawan da shekara biyar ko shida. Wata huɗu ke nan yana zuwa teburin, a ƙarshen benci yake zama, in ban da gaisuwa ba a taɓa jin muryarsa ba.

“Me ka ce?”

“Na ce ba a ɗaura ba, Malam Lawan. Mutuwa ya yi. Ruwa ne ya ci shi. Kuma waƙar nan da ka ce, ni a ganina ita ce fim ɗin.”

Da Lawan ya ce wataƙila ya haɗa da wani fim ɗin ne, da an wuce wurin. Amma idanu goma sha suna kansa, sai ya yi dariya.

“Jama'a, ku ji min! Malam, a ina ka taɓa ganin jarumin Indiya ya mutu? Ko dai barci ka yi bayan ka wuni ɗaukar bulo, ka yi mafarki? Wannan fa ba tashe ba ne irin na ƙauyenku. Kallo ma sai an koya. Mutum ya zo birni jiya da ƙunshin kayansa a ka, yau zai gyara mana zance.”

Aka kwashe da dariya. Isyaku ya dubi kofinsa. Ya ƙarasa shayinsa, ya ɗauki hularsa da ya ajiye a gwiwa, ya tashi.

Rotimi mai gyaran rediyo, Bayarabe haifaffen Kano wanda shagonsa ke bayan teburin, shi ne bai yi dariya ba. Ya ce, “Abin ai ba na musu ba ne. Ran Asabar za a maimaita shi. Mu je mu huɗu, ni da Shehu da ku biyun. Lawan, ka kai mu a motarka.”

“Ni in sake kallon abin da na gani?”

“To ai shi ya sa. Ka dinga yi mana bayani.”

Kwana uku Lawan yana neman mafita. Ya yi tunanin cewa mota ta lalace, amma a ƙofar gidansa take kwana, kowa yana gani. Ya yi tunanin ciwon ciki. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci har ya nufi shagon Rotimi zai faɗa masa gaskiya, ya hango mutane biyu a zaune, ya wuce kamar wani wuri za shi. Matarsa Saratu ta ga tuwo yana dawowa kamar yadda ta kai, ta tambaye shi ko Alhaji ne ya yi masa faɗa. Ya ce a'a, gajiya ce.

Ran Asabar bayan sallar isha'i ya kwashe su. A waje ba wanda ya kai shi sanin wurin. Ya san inda ake ajiye mota, mai tsire ya gaishe shi da suna, mai gadi ya ɗaga masa hannu. Da suka yanki tikiti suka doshi ƙofa, sai ya ja ya tsaya. Fuskar Innarsa ya gani, da yadda ta riƙe masa hannu. Shehu ya turo shi daga baya yana cewa ya yi sauri, kawai sai ga shi a ciki.

Fili ne babba, ga benci jere-jere, ga wani farin bango dogo a gaba. Hayaƙin sigari da hayaniya ko'ina. Suka zauna, Isyaku a hagunsa, su Rotimi a damansa. Aka kashe fitilu. Haske ya faɗa kan bangon, sai ga fuskar mutum ta cika shi fal, ido ɗaya ya kai girman faifai. Lawan ya riƙe bencin da hannu biyu. Don kada a gane, ya juya wajen Shehu ya ce da ƙarfi, “Yawwa, ga mai kwale-kwalen nan.”

Isyaku ya matso kusa da kunnensa. “Malam Lawan, tallan na mako mai zuwa ne. Ba a fara ba.”

A hankali ya faɗa, ba wanda ya ji sai shi. Lawan ya mayar da idonsa kan bangon.

Da fim ɗin ya fara sosai, sai ya manta da kansa. Shekara da shekaru yana ba da labarin abin nan, ashe bai san komai a kansa ba. Ba wanda ya taɓa faɗa masa cewa ana jin ƙarar ruwa yana dukan kwale-kwale, ko cewa mutum yana iya yin shiru a bango kai kuma ka san abin da ke ransa. Ana cikin haka fitilu suka kama, hoto ya ɗauke. Lawan ya miƙe yana lalubar mukullin mota a aljihu.

“Ina zuwa?” in ji Shehu. “Hutu fa aka yi.”

Kafin ya sami abin cewa, Isyaku ya miƙe shi ma. “Ruwa zai sha. Ni ma ƙishirwa nake ji, mu je tare.”

Suka je bakin famfo suka sha, suka dawo.

Waƙa ta uku bayan hutun ta zo. Mai kwale-kwalen ne shi kaɗai a tsakiyar kogi da asuba, yana tuƙi yana rerawa, yarinyar kuma an tafi da ita wani gari. Lawan bai ji kalma ɗaya ta yaren ba, amma duk gidan ya yi tsit, har da shi. Daga nan kogi ya cika ya kawo. Mai kwale-kwalen ya yi ta ƙetarar da mutanen ƙauye, har da mutumin da ya raba shi da yarinyar. A sawu na ƙarshe kwale-kwalen ya kife. Lawan ya yi ta jira ya ga kansa ya ɓullo. Bai ɓullo ba. Da fitilu suka kama, fuskarsa sharkaf take da hawaye, ga Shehu yana kallonsa.

Suka kama hanyar gida a mota har suka wuce gadar jirgi. Rotimi ya yi gyaran murya ya ce, “Wani lokaci suna yanke fim, ka san. Wataƙila wanda ka gani daban ne.” Lawan ya san taimakonsa yake yi, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Kwana huɗu bai je teburin ba. Ta bayan layi yake fita da mota. A rana ta biyar da azahar ya je Tarauni, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ginin. Ya tarar da Isyaku a inuwar katanga, ƙafafunsa fari fat da siminti, yana cin rogo da ƙuli.

Suka gaisa. Lawan ya tsuguna.

“Malam Isyaku, na zo ba ka haƙuri ne. Ban taɓa shiga silima ba sai ran nan. A bakin fasinja nake ji.”

“Na sani.”

“Tun wajen tallan nan ko?”

“Tun kafin nan. Akwai wani fim da ka ce jarumin yana da doki fari, alhali babur ne da shi. Ban yi magana ba, don labarinka yana da daɗi.” Ya karkaɗe hannunsa. “Ni iyalina suna gida. In na tashi aiki, ɗaki ne ni kaɗai, shi ya sa nake zuwa kallo. In na fito ba ni da wanda zan ce wa ka ga kaza, ka ga kaza. Da na ji ana hirar fim a teburin Shehu sai na ce na sami 'yan'uwa. Wata huɗu ina jiran ranar da zan sa baki.”

Lawan ya kasa ɗaga kai. “Ka yafe min.”

“Na yafe. Amma Malam Lawan, a gaban mutane ka kira ni baƙauye. Haƙurin kuma ka kawo shi bayan katanga.”

Washegari da sassafe Lawan ya je Tarauni ya ɗauko shi, ya zaunar da shi a gaban mota. Teburin cike yake. Da aka gan su tare, hira ta tsaya. Lawan bai zauna ba. A tsaye ya faɗi komai, har alkawarin da ya yi wa Innarsa da yadda ya karya shi don kada a gano shi. Idonsa a kan butar Shehu. Ya ce abin da ya faɗa wa Isyaku ƙarya ce da rashin kunya, kowa ya shaida.

Can wani tela ya ce, “To na kaboyin nan da ka hana mu zuwa fa?”

“Ban gan shi ba.”

“La'ilaha illallahu! Ƙanina ya ce ba a taɓa kawo kamarsa ba!”

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Wani dattijo ya tsuke baki ya juya masa baya. Shehu ya haɗa shayi biyu ya ajiye, ya matsar da mutane a tsakiyar benci, ya ce, “Malam Isyaku, zauna nan. Ba su labarin, su ba su gani ba.”

Isyaku ya zauna ya fara. Bai iya ba. Ya fara daga tsakiya, ya koma farko, ya manta ya ce yarinyar 'yar waye. Kafin ya kai cikar kogin mutum uku sun tashi. Telan ya leƙo ya ce, “Lawan, kai da ka gani yanzu, karɓa masa mana.”

Lawan ya girgiza kai. Yana ƙarshen benci, shayin yana hucewa a hannunsa, ya saurara har Isyaku ya kai ƙarshe. Sannan ya tashi ya mayar da shi Tarauni, don bakwai ta kusa kuma mai ginin ba ya son latti.