Dutsen Zoben Inna

Mai zayyana tana wanke burushi sai ga mata biyu sun shigo shagonta, ya da ƙanwa, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Mahaifiyarsu ta rasu bara. Suna so a rubuta sunanta da babban alƙalami, a kewaye shi da ruwan zinari. Babbar ta ce a saman sunan kuma a zana dutsen zoben da Inna ba ta rabuwa da shi.

"Ina zoben?" in ji mai zayyana. "Ni sai na ga dutse nake zana shi."

"Ya ɓace a hidimar jinya," in ji babbar. "Kore ne shar. Ni na saya mata kafin aure ya kai ni nesa."

"Shuɗi ne, Yaya," ƙaramar ta ce a hankali.

"Ji min Auta! Ni da na sayo abu da hannuna?"

Mai zayyana ta dama kore a faranti, ta dama shuɗi, ta tura musu. Kowacce ta nuna nata, suka fita ba mai kallon wata.

Washegari Auta ta dawo ita kaɗai, ta zauna a benci tana murza bakin mayafi.

"Anti, ki zana kore kawai."

"Jiya ba haka kika ce ba."

Nan Auta ta ba ta labari. Koren dutsen ya faɗi tun da daɗewa, wajen wanki. Inna ta yi ta nema har da rairaye shara, ba ta gani ba. Sai ta kai wa maƙeri ya sa mata wani shuɗin gilashi. Duk lokacin da Yaya za ta zo gida, Inna takan juya zoben, gilashin ya koma cikin tafin hannu, don kada ranta ya ɓaci.

"Ni shuɗin na sani," in ji Auta. "A hannun zoben nake ba ta magani, da shi take riƙe ni."

Mai zayyana ta ji tausayinta ya kama ta. Ita ma auta ce, ta san yadda ake haɗiye magana a gaban manya.

Ta zauna aiki. Ta shimfiɗa kore mai duhu, ta bar shi ya bushe, ta bi gefe ɗaya da mai haske. Ta ja inuwa siririya a ƙarƙashi don dutsen ya taso daga takarda, ta ɗiga fari a kusurwa, sai ya kama ƙyalli. Da ta gama ta daɗe tana kallon wurin da ya rage a ƙasan sunan. Ba wanda ya sa ta, ta zana shuɗi a nan, ƙarami, har da ɗan dusashewar gilashin da ya sha sabulu.

Ran karɓa suka zo tare. Yaya ta kai farce za ta taɓa koren, ta janye hannu tana dariya da hawaye.

"Wallahi kamar in ɗauke shi! To wannan na ƙasan fa? Ai ban ce a sa ba."

"In ba ki so, zan rufe shi da zinari," in ji mai zayyana. "Amma ki fara tambayar ƙanwarki."

Auta ta faɗa mata, kanta a sunkuye. Yaya ta zauna a benci.

"Shi ya sa kullum take dunƙule hannu in na zo," ta ce. "Ni kuwa na ɗauka ciwon gaɓoɓi ne, ina ta aiko da man shafawa."

Auta ta fashe da dariya ba shiri. "Ni na shafe shi kaf, Yaya."

Yaya ta ɗaka mata duka a cinya, sannan ta jawo ta jikinta. "A bar shi, Anti. Kada a taɓa."

Mai zayyana ta ce bari ta leƙa wajen kafinta ta karɓo firam. Ta ja musu ƙofa, ta tafi a hankali, ba ta yi saurin dawowa ba.